Katangar da Aka Ce Sati Shida, Ta Ci Wata Goma Sha Ɗaya

## Filin da dalilin zagaye shi (2018 zuwa ƙarshen 2023)

Filin yana Kano, a wata sabuwar unguwa a bayan Ɗanbare, in ka sauka daga titin Gwarzo. Ƙafa 50 ne a 100, kuma awon igiya ne, wato gona ce mai ita ya yayyanka ya sayar, takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Mijin mai filin ne ya saya a 2018. Ya rasu a 2021, filin ya zauna a hannunta ita da 'ya'yanta huɗu. Malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati, tana zaune a gidan haya a cikin gari. Ni ɗan yayarta ne, Inna nake kiranta. Ni nake kai ta filin, daga baya kuma ni na riƙe littafin lissafi, don haka duk alƙaluman da ke nan daga littafin suke da alat ɗin banki na wayarta.

Shekara biyar ba abin da ke filin sai turakun siminti huɗu a kusurwoyi. A daminar 2023 unguwar ta fara cika. Yara masu baro suka mai da bayan filin juji, masu babur suka fitar da hanya ta tsakiyarsa, a watan Oktoba kuma maƙwabcin yamma ya haƙa nasa gini, aka iske turken wannan ɓangaren ya matso ciki da kusan ƙafa 2. An gyara wannan cikin lalama, mai unguwa ya zo aka sake ja da igiya aka mai da turken mazauninsa. Da zai tafi ya ce mata, "Hajiya, fili awon igiya ba shi da mai gadi sai katanga. Ki zagaye abinki tun muna raye."

Abin da ta iya haɗawa naira miliyan 2 da dubu 400 ne: ɗaukar adashe, rancen ƙungiyar ma'aikata da ake cira daga albashi, da kuɗin wata sarƙa da ta sayar.

## Farashi uku (Disamba 2023)

Mutum uku suka ga filin. Na farko wani dattijon magini ne da wata abokiyar aikinta ta turo. Ya ja tef a ɓangarori huɗu, ya soka guntun rodi a ƙasa wuri-wuri, da ya zo kusurwar baya ta gabas rodin ya shige har kusan rabinsa. Ya ce nan tsohon kududdufi ne aka cike da shara, sai an zurfafa haƙa. Ya rubuta komai a takardar littafin makaranta: zagaye ƙafa 300, a cire ƙafa 12 na get, fandisho zurfin ƙafa 2 da rabi, a baya ƙafa 4, kankare a ƙasa, bulo inci 9 layi 3 a cikin ƙasa, inci 6 layi 9 a sama, jimilla kusan bulo 2,200, fila, wato ginshiƙin kankare, duk bayan ƙafa 10, kowace da rodi huɗu mai lamba 12, siminti kusan buhu 100, babu filasta. Kuɗinsa miliyan 3 da dubu 100.

Na biyu ya ce miliyan 2 da dubu 900, da baki.

Na uku mijin ƙanwarta ne ya kawo shi, abokin zamansu ne a majalisa. Kowa Injiniya yake ce masa, duk da shi da kansa bai taɓa cewa ya yi karatun ba. Birkila ne da ya yi shekaru yana bin wani ɗan kwangila, ya fara karɓar nasa aikin. Bai ja tef ba. Ya taka filin da ƙafa, ya ɗaga kai sama kamar mai lissafi, ya ce miliyan 2 da dubu 300, har da get, sati shida. Shi kaɗai ne farashinsa ya shiga cikin abin da ke hannunta.

## Kafin alƙalami (Janairu 2024)

Ranar Litinin 8 ga Janairu aka zauna a falonta, ita da surukin nata da Injiniya. Ya nemi miliyan 1 da dubu 500 nan take, hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce: tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ba abin da ke kwana a farashinsa, gara a kwashi siminti da rodi da bulo gaba ɗaya. A lokacin buhun siminti tana jin ana faɗin 5,500. Ta yi masa tiransifa.

Ta gaya mini daga baya cewa maganar takarda ta zo mata har bakinta. Ta fara cewa, "Ko za mu ɗan rubuta..." sai surukin ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai Injiniya ɗan gida ne." Ta haɗiye sauran. Abin da ya rage a matsayin shaida biyu ne: alat ɗin banki, da wani saƙon murya na WhatsApp da Injiniya ya tura wa surukin tun a Disamba, shi kuma ya turo mata, inda yake zayyano aikin da bakinsa, fila duk ƙafa goma, rodi sha biyu, sati shida. Ba wanda ya ɗauki saƙon da muhimmanci a lokacin.

Ranar 11 ga wata leburori shida suka fara haƙa. A sati biyu aka haƙa gabas da yamma da baya, aka zuba kankare, aka fito da bulo zuwa saman ƙasa. Kayan da suka sauka a filin: yashi tifa biyu, tsakuwa tifa ɗaya, siminti buhu 20, bulo 600, rodi kaɗan. Da ta tambayi sauran ya ce, "Hajiya, duk na biya. Rodi yana Kofar Ruwa, siminti yana wajen dila. In na jibge su a nan ɓarayi zan tara miki." Ba ta nemi rasit ba. Ranar Asabar kaɗai take zuwa, kuma duk zuwan da ta yi ta tarar an riga an mai da ƙasa an rufe ramin, don haka ba ita ba ni, ba wanda ya ga zurfin fandishon da idonsa.

## Siminti ya tashi (Fabrairu zuwa Afrilu)

A farkon Fabrairu aiki ya tsaya cak. A watan ne siminti ya yi tsallen da duk mai gini a Najeriya yake tunawa, buhu ya haura 10,000. Ranar 19 ga Fabrairu ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a Abuja, aka sanar da cewa buhu zai koma tsakanin 7,000 da 8,000, amma a shagunan da muka leƙa a satin ba mu ga wannan farashin ba.

Injiniya ya zo gida da kansa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce dila ya ƙi sakin sauran simintin sai an yi ciko. Tambayar da ke fili ita ce, kayan da aka biya tun Janairu me ya haɗa su da farashin Fabrairu? Ta yi tambayar, ya amsa da dogon bayani a kan yadda diloli suke yi, ya rantse. Ranar 22 ga Fabrairu ta ƙara masa dubu 400.

Aiki ya motsa. Buhu 40 suka sauka a kashi biyu. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, ga zafin bazara, leburori suna fitowa bayan asuba su tashi kafin azahar. Zuwa ƙarshen azumi bangon gabas ya kai layi 9, na yamma ya tsaya a layi 4, baya yana nan a fandisho, gaba ko diga ba a sa ba. Ranar 5 ga Afrilu ya kira ya ce yara ba su da na Sallah. Ta tura dubu 150. Jimillar abin da ya karɓa ta zama miliyan 2 da dubu 50, daga cikin miliyan 2 da dubu 300 na asali. An yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, bayanta kuma ba a sake ganin kowa a filin ba.

## Waya, suruki, caji ofis (Afrilu zuwa Yuni)

Sati uku na farko waya ce. Na ga jerin kiran, ya fi hamsin. Wanda ya ɗauka amsa ɗaya ce da riga daban-daban: gobe, jibi, yaronsa ba lafiya, birkilansa ya tafi ƙauye biki, in sha Allahu Litinin. Daga baya lambarta ta daina shiga, tawa kuma ta shiga sau biyu ita ma ta bi sahu.

Sai aka koma kan surukin. Ya yi magana, ya sake yi, aka yi masa alkawari. Amma shi mai shiga tsakani ne da ke jin nauyin ɓangare biyu, kuma duk lokacin da Inna ta ɗaga murya sai maganar ta koma gidan ƙanwarta. Akwai satin da 'yan'uwan biyu ba su gaisa ba. Ta janye daga wannan hanyar don kanta.

Ranar 3 ga Yuni ƙaninta, wanda haƙurinsa ya ƙare tun tuni, ya kai ƙara caji ofis. Jami'in da ya saurare su ya yi musu bayani dalla-dalla cewa wannan saɓa alkawarin kwangila ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum a kan irin wannan kaɗai. Duk da haka ya gayyaci Injiniya. Ya zo, ya rubuta da hannunsa cewa zai ƙarasa aiki cikin sati biyu. Takardar ba ta faɗi irin aikin ba, ba ta faɗi nawa ya karɓa ba, ba ta faɗi abin da zai biyo baya in bai cika ba.

Kwana biyu bayan nan ya bayyana da birkila ɗaya da leburori biyu da kurar bulo sabon bugu, wanda in ka taɓa sai ka ji danshi. Cikin kwana uku suka tayar da bangon baya, ƙafa 50, daga ƙasa har layi 9. An bar gurabun fila biyu ba a zuba musu kankare ba. Ya ɗauki hoto ya tura wa ƙanin nata da surukin. Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni, ya sake ɓacewa.

## Bangon baya ya faɗi (tsakiyar Yuli)

Wani dare aka kwana ana ruwa. Da safe mai gadin gidan da ke kallon filin ya kira ni. Ƙafa 30 na bangon baya, daga kusurwar gabas, ya kwanta waje gaba ɗaya kamar an kifar da tabarma. Ruwan filin duka can yake gangarawa, ya taru ya kai gwiwa a jikin bangon don ba a bar masa mafita ba. Allah ya kiyaye ba kowa a wajen, hanya ce da 'yan makarantar allo ke bi da sassafe. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta sunkuya ta ɗauki guntun bulo ta murza, ya zube a tafin hannunta kamar garin kwaki.

## Awo da ƙirga (ƙarshen Yuli)

Abin da ta yi bayan nan shi ne ya juya lamarin. Ta nemo dattijon nan mai miliyan 3 da dubu 100, ta ba shi haƙuri, ta ce ba aiki za ta ba shi yanzu ba, so take ya auna mata abin da ke ƙasa. Ya karɓi dubu 15 na yini. Ya zo da tef da diga da yaro ɗaya, ni kuma ina rubutawa.

Ya sa aka tona gindin bango a wuri biyar. A gabas da yamma zurfin ƙafa 2 ne, kankaren ƙasa bai fi inci 3 ba, amma ƙasar wajen jar marmara ce mai tauri, ya ce zai zauna. A baya zurfin ƙafa 1 da rabi ne, kuma da aka ɗaga kankaren sai ga leda da tsumma da baƙar ƙasa. A kan shara aka ɗora bangon. Fila a gabas guda biyar ce a ƙafa 100, wato duk ƙafa 20 maimakon 10. Ya fasa gefen ɗaya da guduma, rodin mai lamba 10 ne.

Gwajin bulonsa ba ya buƙatar na'ura. Ya ɗauki ɗaya daga na Janairu ya ɗaga zuwa ƙirjinsa ya sake, ya faɗi ya ɓantare a kusurwa kawai. Ya ɗauki na Yuni ya yi haka, ya tarwatse. Ya karce wani da ƙusa, yashi yana zuba. Ya ce buhu ɗaya in aka matsa masa ya fitar da bulo fiye da ƙima, aka kuma ɗauke shi daga wajen bugu ba a shayar da shi ruwa ko na sati ɗaya ba, wannan ne sakamakon. Na tambaye shi, "Baba, da ruwan bai taru ba, zai tsaya?" Ya ce, "Zai kai baɗi, ɗana. Ba zai kai baɗin waccan ba."

Sannan muka ƙirga bulo layi-layi: gabas 720, yamma 420, baya 360. Na baya duka ya ce a rushe, har ƙafa 20 da ke tsaye. Ya yi wa abin da zai zauna kuɗi a farashin Janairu, bulo da siminti da yashi da tsakuwa da rodi da ladan aiki, ya kama miliyan 1 da dubu 150. An karɓi miliyan 2 da dubu 50. Giɓin dubu 900 ne. Wata bakwai ana cewa Injiniya ya ci kuɗi, sai ranar aka san nawa.

Mai gadin nan ne ya ƙara mana sauran labarin, ba tare da mun tambaya ba. Ya ce tun a Janairu ya ga an ɗora rodi a kura daga filin an yi gaba da shi. Muka bi kwatance, muka sami wani gida da ake ɗaura wa linta a unguwar gaba, leburorin da muka sani suna ciki.

## Zama a gaban mai unguwa (10 ga Agusta)

Wani lauya da 'yarsa ke ajinta ya ba ta shawara kyauta. Ya ce a Kano akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2019, wadda a ƙa'idar da aka kafa ta da ita take sauraron bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, ba sai da lauya ba, ana kuma son a gama shari'a cikin kwana 60. Sharaɗin farko shi ne a aika wa wanda ake bi takardar neman biya. Ya rubuta mata ita a shafi ɗaya, da adadin dubu 900 da lissafin dattijo a manne. Ya ce amma ta sani, hukunci daban, karɓar kuɗi daga hannun wanda ba shi da su daban.

Ba ta kai takardar gidan Injiniya ba, ta kai wa mai unguwa, shi ya aika a kira shi. An sa zama farkon Agusta, zanga-zangar 1 ga wata da dokar hana fita da ta biyo baya suka ɗage shi zuwa Asabar 10 ga wata. A zauren akwai mai unguwa, limamin unguwar, surukin, ƙaninta, dattijon magini, da wan Injiniya wanda mai unguwa ya dage sai an zo da shi.

Injiniya ya fara da cewa ba a taɓa maganar fila duk ƙafa goma ba. Na kunna saƙon muryar. Zauren ya yi tsit har ya ƙare, wansa ya sunkuyar da kai. Daga nan maganar ta sauya. Ya amsa cewa a ranar da ya karɓi kuɗin ana bin sa bashin siminti da na leburori a wancan gidan, ya toshe can da dubu 600 da niyyar in mai gidan ya biya shi ya mayar, mai gidan ya ja masa rai, siminti kuma ya ninka kafin nan. Ya kuma amsa cewa farashin da ya faɗa tun farko ya san ba zai isa ba, ya faɗa ne don kada aikin ya wuce shi, yana sa ran in an yi nisa za a ƙara.

Gardamar da ta ɗauki lokaci a kan buhu 40 ne. Ya fito da rasit biyu na gaske, 10,500 kowane buhu, ya ce a lissafa masa a haka. Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, ai don gudun wannan tsadar na ba shi kuɗin a dunƙule. Da ya saya ranar, da 5,500 ne." Ba wanda ya ce ba ta da gaskiya. Mai unguwa ya ce mata, "Hajiya, gaskiyarki ce. Amma dubu ɗari bakwai da zai iya biya ta fi miki ɗari tara da za ki yi ta bi." Ta yi shiru, ta dubi ƙaninta, ta ce ta yafe bambancin, dubu 200.

Ga yadda aka raba dubu 700 ɗin. Dubu 150 da ya bai wa mai walda kafin alƙalami na get, a mai da su sunanta. Aka kira mai waldar a waya a nan take ya tabbatar. Rodi 20 mai lamba 12 da ke wancan gidan, a dawo da su kafin magariba, an yi musu kuɗi dubu 130. Sauran dubu 420 a biya dubu 70 duk ƙarshen wata, wata shida, ta hannun mai unguwa, wansa ya tsaya masa. In wata biyu suka wuce a jere ba biya, takardar lauya ta tafi kotu. Injiniya ya roƙi a bar shi ya biya da aiki. Dattijon ya girgiza kai tun kafin ta amsa, ita ma ta ce a'a. Liman ya karanto ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace tsawo, ya ce wa surukin cikin raha da a Janairu aka kira shi da ya karanta ta kyauta. Aka rubuta kwafi uku, kowa ya sa hannu.

## Ƙarasa aiki (Nuwamba zuwa Disamba 2024)

Dattijon ya ce a bari ruwa ya ɗauke. An fara ranar 4 ga Nuwamba, da wani tsari daban. Ita ke sayen kaya, shi ladan hannu kawai yake karɓa, jinga kashi huɗu, ba a biyan kashi sai an gama shi na je na ƙirga. Siminti buhu goma-goma ake ɗaukowa, a ajiye a shagon mai gadi, buhunan da aka juye a ɗaure a ajiye mini in ƙirga da yamma. Bulo ta je wajen bugu da kanta ta biya, aka ware nata aka yi ta ba shi ruwa kwana goma kafin a ɗauko. Ranar haƙa baya ta ɗauki izini a makaranta ta tsaya a bakin ramin har aka wuce sharar aka taɓa jar ƙasa, a ƙafa 4 da 'yan inci. Kankaren fila kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, 'yan garuwa suna jiƙa shi safe da yamma har sati. A gindin bangon baya an sa bututu inci 4 guda huɗu don ruwa ya sami hanya.

Bangon gabas ba a rushe shi ba. An tsaga shi a tsakiyar kowane tazara aka ƙara fila biyar.

An ɗaura get ranar 14 ga Disamba. Kuɗin wannan zangon: bulo 940, dubu 470, siminti buhu 50, dubu 460, cikon get dubu 230, don mai walda ya ce ƙarfe ya tashi, ladan aiki dubu 280, yashi da tsakuwa da ruwa da katako da waya dubu 200. Jimilla miliyan 1 da dubu 640. Ta haɗa su ne da ragowar kuɗin farko, da abin da Injiniya ya fara mayarwa, da wata ɗaukar adashe, da gudummawar ƙaninta.

## Abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

Injiniya ya biya wata huɗu a kan lokaci, na biyar ya zo kashi biyu a Fabrairun 2025. In aka cire dubu 350 da suka dawo hannu, katangar ta tsaya mata a kan miliyan 3 da dubu 340, wato ta haura farashin dattijo na farko da dubu 240, ban da wata goma sha ɗaya da zumuncin da ya ɗan yi tsami.

A ganina kiran waya da bin suruki sun gaza ne don abu ɗaya suke nema, ya dawo aiki, shi kuwa ba shi da kuɗin dawowa, kuma kusan duk ladan da zai ci ya riga ya karɓe. Mutumin da ya rage masa dubu 250 a aikin da ke buƙatar fiye da miliyan ba shi da dalilin waiwayowa. Caji ofis ya fi su illa, duk da jami'in ya faɗi gaskiyar doka. Tsoro ya sa Injiniya ya nemi abin da zai nuna a hoto, abin da ya fi saurin fitowa a hoto kuwa tsayin bango ne, sai ya ɗora layi tara na ɗanyen bulo a kan shara. Bangon da ya faɗi na wannan takardar alkawarin ne.

Zaman mai unguwa ya ci nasara ne don an shiga da lamba. An daina cewa ya ci amana, magana ce da kowa zai iya musantawa har gobe, aka koma cewa an karɓi kaza, ga kaza a ƙasa, saura kaza. An kuma daina neman aikinsa aka koma neman kuɗin, an raba su gwargwadon abin da zai iya, aka ɗora nauyin a wuyan wansa, ga kotu a bayan ƙofa. Dubu 15 na dattijo su ne kuɗin da suka fi kowane amfani a duk littafin.

Laifin Injiniya a fili yake: ya faɗi farashin da ya san ƙarya ne, ya juya kuɗin marayu zuwa wani aiki, ya rage abin da ƙasa za ta rufe. Ban ɗauke shi ɓarawon da ya zo da niyyar gudu ba, irin masu ɗinke ɓarakar jiya da kuɗin yau ne, kuma Fabrairun 2024 ta tona da yawa irinsa. Tsadar siminti gaskiya ce, amma ba ita ta hana shi sayen buhu 100 ranar 8 ga Janairu ba, shi ya sa har yanzu nake ganin dubu 200 da Inna ta yafe sadaka ce, ba haƙƙinsa ba. Nata kason kuma ita ta fara faɗa kafin kowa: ta ga farashi ya gaza na sauran da aƙalla dubu 600 ba ta tambayi me aka cire ba, ta ji maganar kududdufi daga bakin dattijo ba ta maimaita wa Injiniya ba, kuma ta bar kunyar suruki ta hana ta takarda. Ni ma ina da nawa, ni nake kai ta duk Asabar, ban taɓa cewa a tona mu gani ba.

Katangar ta ga daminar 2025. Bangon baya bai motsa ba, bututun suna zubar da ruwa. A gabas akwai siririyar tsaga kusa da fila ta uku, dattijon ya shafa mata siminti ya ce a sa ido. Dubu 70 na ƙarshe ba su zo ba. Mai unguwa ya tambaye ta sau biyu ko a tura takardar, ta ce a dakata. Sun haɗu da Injiniya a wani suna a gidan ƙanwarta, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa. Da na tambaye ta ko in ja layi in rufe shafinsa, ta ce in bar shi a buɗe.